Waken Gwangwani ko Waken Buhu? Nasiha ga 'Ya'yana Masu Neman Rage Ƙiba

 

A zamanin da muka taso, ƙiba alamar hutu ce. Amarya in ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su shiga tambayar ko lafiya. Magidanci in ya ajiye tumbi, sai a ce daula ta samu. Yau ga shi hawan jini da ciwon sukari sun shiga kusan kowane gida. Kun ga iyayenku suna fama da ciwon gwiwa, suna haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, kuma da yawanku kun ɗaura niyyar kula da jikinku tun da sauran ƙuruciya. Wannan niyya ta faranta mini rai ƙwarai, domin rigakafi ya fi magani.

Daga bakin masu wannan niyya nake yawan jin tambaya guda. An ce wake yana taimaka wa mai son rage ƙiba. To wanne za a ci, wanda ake sayarwa dafaffe a gwangwani, ko busasshen da muke aunowa a kasuwa? Wasunku sun ɗauka duk abin da ya fito daga babban kanti da rubutun Turanci a jikinsa ya fi tsabta da inganci. Wasu kuma sun ɗauka duk abincin gwangwani guba ne. Ku zauna mu bi maganar a tsanake, don kowane ɓangare yana da gyara.

Ga amsata tun daga farko. Ƙwayar wake, ko a gwangwani take ko a buhu, amfaninta ga mai rage ƙiba kusan ɗaya ne. Abin da ke raba su shi ne abin da aka zuba a kan waken, da kuma hannun da ya zuba. Busasshen wake ku ne kuke sa masa gishiri da mai, don haka awon yana hannunku. Na gwangwani kuwa kamfani ya riga ya auna muku tun kafin ya iso. Shi ya sa nake ba ku shawara ku riƙi busasshen wake a matsayin abincin yau da kullum, na gwangwani kuma ya zama mataimaki ranar da lokaci ya ƙure. Amma kada ku karɓi maganata haka kawai, bari in ba ku dalilai.

Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa wake yana riƙe ciki. Manomin da ya karya da shi da safe yakan kai azahar a gona, ruwa kawai yake kurɓa. Masana abinci sun auna sun gano dalilin. Kofi ɗaya na dafaffen wake irin namu, wato kimanin giram 170, yana da kalori wajen 200, da furotin mai gina jiki kusan giram 13, da faiba kusan giram 11. Faiba ita ce harzar nan da ke cikin ɓawo da ƙwayar hatsi da ganye, wadda ciki ba ya narkar da ita. Tana cika tumbi, tana sa abinci ya sauka a hankali, tana hana sukari ya afka cikin jini lokaci guda, tana kuma sauƙaƙa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, kun ga ke nan kofin wake ɗaya ya kusa biya muku rabi. Ku kwatanta da kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa: kalorinsa kusan daidai yake da na wake, amma faibarsa ba ta kai giram 1 ba, furotin ɗinsa kuma wajen giram 4 ne. Shi ya sa wanda ya ci shinkafa zalla yakan fara neman abin taɓawa tun kafin a je ko'ina.

Sai dai kada a ɗora wa wake abin da ba zai iya ba. A shekarar 2016 wasu masu bincike a birnin Toronto na ƙasar Kanada sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 21 da aka yi a kan mutum 940. Sun ga cewa waɗanda suka riƙa cin kimanin giram 130 na wake da danginsa kullum, har tsawon mako shida, sun ragu da kusan giram 340 ba tare da sun takura wa kansu a sauran abinci ba. Ko rabin kilo bai kai ba. Darasin da ke ciki shi ne, wake ba ya narkar da kitse. Aikinsa ya ƙosar da ku da wuri, ya riƙe ku ya daɗe, har ku samu sauƙin rage sauran abin da kuke ci. Wanda ya ƙara wake a kan tulin shinkafarsa da burodinsa da lemonsa, bai rage komai ba, ƙari ya yi. Wake yana amfani ne idan ya maye gurbin wani abu a faranti.

To mu leƙa cikin gwangwanin. Dabarar adana abinci ta wannan hanya ta haura shekara 200. A 1810 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya bayyana yadda ake dafa abinci a cikin kwalba a rufe don ya daɗe, kuma a shekarar ce Peter Durand na Ingila ya yi rajistar yin haka da gwangwani. A yau ana jiƙa waken, a zuba shi a gwangwani da ruwa, a liƙe bakin, sannan a dafa shi a rufe da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, wajen digiri 120. Zafin ne yake kashe ƙwayoyin cuta, liƙewar kuma ta hana wasu shiga. Furotin da faiba da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini duk suna nan, wasu bitamin da ba sa jure zafi ne kawai suke ɗan raguwa. Saboda haka masu cewa guba ne su kwantar da hankalinsu.

Amma waken gwangwani iri biyu ne, kuma nan ne da yawanku suke ruɗewa. Akwai wanda aka dafa da ruwa da gishiri kawai. Akwai kuma wanda yake iyo a cikin jan romon tumatir mai kauri, wanda muka fi gani a kantunanmu, wanda ake zubawa a kan salak ranar biki ko ranar Sallah. Wannan na biyun ba ma irin wakenmu ba ne, wani ƙaramin farin wake ne da asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Zaƙin da kuke ji a romonsa, akasarinsa sukari ne aka zuba. A yawancin irinsa, kowane giram 100 yana ɗauke da sukari giram 4 zuwa 5, wasu ma sun fi haka. Wanda ya cinye gwangwani mai giram 400 shi kaɗai, ya sha sukari wajen cokalin shayi huɗu zuwa biyar, ya kuma ci gishiri sama da giram 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da na miya da na magi da na burodi. Kun ga gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabin rabon yini. Gishiri ba ya sa kitse, amma yana tara ruwa a jiki, yana ɗaga jini, kuma mai ƙiba dama shi ne hawan jini ya fi kusa da shi.

Ku dubi yadda ake haɗa salak a gidajenmu. Za a yanka latas da kabeji da karas da kokwamba, a jera a tire gwanin sha'awa. Sai a yanka dafaffen ƙwai a bi gefe da shi. Sai a fasa gwangwanin wake a juye da romonsa duka, sannan a kawo bama a lafta har sai koren ganyen ya ɓace. Yarinya ta ɗebi faranti cike, zuciyarta fes, tana ganin ganye ta ci. Alhali babban cokali ɗaya na bama yana da kalori kusan 100, kuma ba ɗaya ake sawa ba. 'Yata, in kina son salak ya yi miki aiki, ki sa dafaffen wake marar romo, ki matsa lemon tsami, ki ɗan barbaɗa ƙuli-ƙuli ko yaji. Kwaɗon zogale da na rama da kakanninki suke yi, ai shi ne salak ɗinmu tun asali.

Idan za ku sayi na gwangwani, ga abin da nake roƙonku. Ku juya bayansa ku karanta, ko da Turanci aka rubuta ko da Faransanci. Ku nemi layin sukari da layin gishiri a kowane giram 100, ku ɗauki wanda ya fi ƙaranci. In sodiyam aka rubuta a maimakon gishiri, ku ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin. Ku fifita wanda aka dafa da ruwa kawai a kan mai romo. In kun kai gida, ku juye shi a gwagwa ko kwando, ruwan nan mai yauƙi ya tsiyaye, ku ɗauraye shi da ruwa mai tsabta sau biyu. An auna an ga wannan ɗan aikin yana rage kusan kashi 40 cikin 100 na gishirin. Ku duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a Najeriya kuma ku duba lambar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a wajen liƙinsa, ko yake yoyo, ku bar shi ko kyauta aka ba ku, kada ma ku ɗanɗana. Akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa inda babu iska, gubarta tana shanye jijiyoyi har ta kai ga hana numfashi. In kun fasa ba ku cinye ba, ku juye ragowar a roba mai murfi ku sa a firji.

Sai maganar aljihu, wadda ba ƙarama ba ce a wannan zamani. Gwangwani mai giram 400, in aka tsiyaye ruwansa, abin da ke saura wajen giram 240 ne. Busasshen wake kuwa in ya sha ruwa ya dahu, nauyinsa yana ninkawa fiye da sau biyu. Ashe ke nan giram 100 na busasshe, ɗan abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, shi ne abin da ke cikin gwangwani guda. Kilo ɗaya zai ba ku abin da ke cikin gwangwani tara ko goma. Ku tambayi kuɗin mudu a kasuwar unguwarku, ku tambayi kuɗin gwangwani goma a kanti, lissafin zai yi muku bayani da kansa. Rage ƙiba tafiya ce ta watanni da shekaru, abincin da aljihu ba zai jure ba kuwa ba a daɗewa a kansa. Ku tuna kuma Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar ke bi mata. Daga Dawanau a Kano har zuwa Maraɗi buhunansa ake lodi ana kaiwa ƙasashe, kuma a Samaru ta Zariya masana sun shafe shekaru suna fito da ingantattun iri. Ɗan wannan ƙasa da ya dogara da waken da aka ɗauko daga ƙetaren teku, kamar mai rijiya ne a tsakar gida yana sayen ruwan garwa.

Duk da haka ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, na gwangwani yana da ranarsa. Wake yana cin wuta, gas da gawayi kuma sun yi tsada. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta da ɗan risho ɗaya, da ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, da ɗanmu da ke karatu a Ingila ko Amurka inda na gwangwani yake da araha, ban ga laifinsu ba in sun fasa gwangwani. Wanda ya dawo a gajiye ya ɗauraye wake ya haɗa da tumatir da albasa ya ci, ya fi wanda ya dafa indomi biyu ko ya cika cikinsa da burodi da lemon kwalba, nesa ba kusa ba. Kada son abin da ya fi kyau ya hana ku yin mai kyau.

Yanzu bari mu dawo gida, domin busasshen waken ma mukan ɓata shi da hannunmu. Ku tsaya wajen mai garau-garau da rana ku kalli faranti. Shinkafa ce fara tas ta cika shi, wake kuwa jefi-jefi, sai an tona ake ganinsa. Mai sayarwa ta tsoma ludayi a robar mai ta kwarara, mai saye ya ce a ƙara, har man ya taru a gindin farantin yana ƙyalli. A barbaɗa yaji da garin magi da gishiri, a kora da lemo mai sanyi. Mutum ya tashi yana cewa wake ya ci. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120. Cokali uku sun kai 360, sun kusa ninka abin da ke cikin kofin wake sau biyu, kuma ba su ƙosar da kowa ba. Man gyaɗa da manja da man zaitun duk ɗaya suke a wannan awo, kada tsadar wani ta sa ku ɗauka ba ya sa ƙiba. Lemon kwalba mai santilita 50 kuma yana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, fiye da cokalin shayi goma sha biyu.

Ƙosai ma haka. Ana surfa waken a wanke ɓawon, faiba mai yawa ta tafi da shi, sannan a saki ƙullun a cikin mai yana tafasa, ya sha iya shansa. Ku matsa ƙosai ɗaya a cikin takarda ku ga yadda za ta jiƙe. Ɗanwake kuwa, a wurare da dama yanzu fulawa ko garin rogo ne suka rinjayi garin waken, ga mai da ake malalawa a kai. Ban ce ku rabu da su har abada ba, abincinmu ne, kuma rai yana son canji. Ku mai da su na lokaci-lokaci, ku ci kaɗan.

Abin da zai fi yi muku amfani kullum shi ne wake da ɓawonsa. Ku juya awon garau-garau, wake kashi biyu, shinkafa kashi ɗaya, mai cokali ɗaya a auna shi, a yanka tumatir da albasa da kabeji su cika rabin faranti. Ku yi faten wake da alayyahu ko zogale da ɗan busasshen kifi da daddawa. Ku yi alala da ɗan mai kaɗan, tun da turara ta ake yi, kuma in injin ya niƙa da laushi ana iya markaɗa waken ba tare da an cire ɓawon ba. Ku sa wake a miya, ku rage girman malmalar tuwo. A watan azumi, maimakon tara ƙosai da soyayyen dankali da doya a buɗa-baki, ku ajiye dafaffen wake don sahur, za ku ga yadda zai raka ku cikin yini.

Akwai abubuwa biyu da muke jefawa a tukunya ba tare da tunani ba. Na farko kanwa, don wake ya yi saurin nuna. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, wato abin da ake gudu a cikin gishiri, kuma tana lalata wasu bitamin da ke cikin waken. Na biyu dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Wanda ya guji gishirin gwangwani ya zo ya jefa kanwa da magi huɗu da gishiri a tukunya ɗaya, bai tsira daga abin da ya guda ba. Albasa da tafarnuwa da citta da attarugu da daddawa sun isa su ba wake ɗanɗano, sai ɗan gishiri a ƙarshe.

Maganin daɗewar wake a wuta shi ne jiƙo. Da daddare ku zuba shi a faifai ko tire, ku tsince tsakuwa da ƙwaro da wanda ya ruɓe, ku wanke, ku zuba masa ruwa ya sha kansa sosai, ku rufe. Da safe za ku tarar ya kumbura ya yi taushi. Ku zubar da ruwan jiƙon, ku ɗora da sabo. Zai nuna da wuri, ya rage muku gas, kuma wani kaso na abin da ke kumbura ciki ya tafi da ruwan da kuka zubar. Mai halin sayen tukunyar firesha ya saya, za ta biya kuɗinta. Mai firiza da tsayayyiyar wuta ya dafa da yawa ranar hutu, ya raba a ƙananan robobi daidai cin sau ɗaya, kun ga ya yi wa kansa waken gwangwani wanda ya san abin da ke ciki. A firji kada ya wuce kwana uku zuwa huɗu. Inda wuta ba ta zama, ku dafa na yini kawai, domin wake yana saurin lalacewa a lokacin zafi. Wanda kuma ya sayo busasshen jan waken nan mai siffar ƙoda a kanti, ya sani ba kamar namu yake ba: yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa in bai dahu ba, dole bayan jiƙo a bar shi ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta.

Masu ƙorafin kumburin ciki da iska, ku yi haƙuri, ba cuta ba ce. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji ne suke aiki a kan abin da ciki bai narkar ba. Ku fara da kaɗan, ku riƙa ƙarawa sannu a hankali, ku sha ruwa sosai. Cikin 'yan makonni yawanci ciki yakan saba.

Abu ɗaya ne yake tayar mini da hankali game da waken kasuwa, kuma dole in faɗa muku. Saboda tsoron ƙwaro, wasu masu ajiya suna zuba wa wake fiya-fiya da makamantansa, magungunan da ba a yi su don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Abin da wasu suka ƙi karɓa, mu ne muke ci a gida. Saboda haka in kun je awo, ku ɗebo a tafin hannu ku shinshina. In kun ji warin magani, ko kun ga wani farin gari a jikinsa, ku wuce gaba. Waken da ke da 'yan huji kaɗan bai kai wanda aka yi wa wanka da guba haɗari ba. Ku san wanda kuke saye a wurinsa, ku wanke sosai, ku zubar da ruwan jiƙo. Mafi kyau, ku saya da kaka yana sabo yana araha, ku shanya ya bushe ƙarau, ku adana da kanku. Akwai buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta, a cika ta har baki a toshe murfin, ita ma tana yin wannan aiki. Ku kuma 'ya'yana 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah a kan abin da mutane za su sa a bakinsu.

Bayan duk wannan, babban awo yana ga cikinku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu raba ciki gida uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ko wake zalla mutum yake ci, in yana ci har sai ya kasa tashi, ƙiba ba za ta sauka ba. Ku zuba a faranti maimakon ci daga tukunya, ku tauna a hankali, ku tsame hannu tun kuna da sauran sha'awa. Kada kuma ku faɗa ɗaya gefen, ku riƙa kashe kanku da yunwa ko shan shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya, wanda da yawansa gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ya zube, kitse yana nan. Likitoci sun ce rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki yake jurewa, kuma wanda ya sauke ko da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa zai ga sauƙi a jininsa da sukarinsa. Ku haɗa da motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiyar ƙafa ce mai ɗan sauri zuwa masallaci ko kasuwa ko makaranta. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai juna biyu da mai shayarwa, wannan ba lokacin rage abinci ba ne sai da shawarar asibiti. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa yawan waken da ya dace da shi. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada ya sauya cimarsa ko ya ajiye maganinsa ba tare da likita ya sani ba.

Ke kuma 'yata, da kai ɗana, kada gorin mutane ko hotunan da kuke gani a waya su sa ku tsani jikinku. Allah bai yi mu da ƙira ɗaya ba. Abin nema shi ne lafiyar da za ku yi ibada da ita, ku nemi halal, ku riƙe iyalinku. Ku iyaye da mazaje da ƙannai, ku taya su da fatan alheri, ku daina yi musu dariya in sun ce a rage mai a girki, domin gidan duka ne zai amfana.

Saboda haka ku auno waken ƙasarku mai tsabta, ku jiƙa shi, ku dafa da ɓawonsa, ku auna mai da cokali, ku yawaita ganye. Ranar da lokaci ya ƙure, ku ɗauki na gwangwani marar sukari, ku ɗauraye ku ci ba tare da damuwa ba. Ku fara daga girkin gobe, kada ku jira sai likita ya tilasta muku. Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya sa albarka a abincinku, ya yi muku jagora.